Makarantar Jatau ta Aikin Ƙasashen Waje

A unguwarmu ta Hausawa da ke bayan kasuwar hatsi ta Gadarif a ƙasar Sudan, babu wanda ya kai Jatau sanin duniya, in dai bakinsa za a bi. Kullum da hantsi yana rumfar Dije mai shayi, ya harɗe a kan benci, rawani ya karkace gefe, yana ba da labarin ƙasashen da ya yi aiki. A Turkiyya ya tuƙa jirgin ƙasa. A Indiya ya gyara injina. A wata ƙasa kuma, wadda ya ce sunanta ba ya faɗuwa da bakin Bahaushe, shugabansu ya roƙe shi ya zauna, shi ya ƙi, saboda matansu ba su iya kisra ba, wainar dawar nan mai faɗi da muke ci kullum.

Gaskiyar maganar, damina ɗaya Jatau ya taɓa yi ba ya gari. Ya bi lorin 'yan ƙwadago zuwa gonakin Fashaga yankan riɗi. Wata rana jakin mai gona ya tsinke ya tsallaka cikin Habasha, aka tura Jatau ya kamo shi. Ya shiga da hantsi, ya fito kafin la'asar, ba jaki, ba takalmi ɗaya. Iyakar tafiyarsa ƙasar waje ke nan.

Nagoggo mai awon hatsi ya san wannan sarai, don tare suka yi yankan riɗin. Da zarar Jatau ya ɗauko zancen Turkiyya sai Nagoggo ya ajiye kofinsa, ya kira shi da "ya zol", wato "kai mutum" a Larabcin Sudan.

"Ya zol, ba kai na gani a Fashaga kana birgima, kunama ta harbe ka a mazauni ba?"

"Mai kama da ni ka gani," in ji Jatau. "Ni a lokacin ina kan teku."

"Har da karyayyen haƙorin nan naka?"

"Nagoggo, kai da iyakar tafiyarka daga buhu zuwa sikeli, me ka sani game da kamanni? A Indiya kaɗai na ga masu irin fuskata sun cika mota."

Dije ta ɗaga butar shayi ta ce, "Allah ya ba Indiyawa haƙuri."

Ana cikin wannan wata safiya sai ga Ustaz Ɗanlami, malamin Turanci na sakandare, ya shigo rumfar fuskarsa a yamutse. Ya ce wani kamfani mai sayar da injinan girbi zai kawo sabon inji gonar Alhaji Ɗan'auta idan dawa ta bushe. Kamfanin kuma zai ɗauki ɗalibai daga cikin masu gama sakandare, ya kai su waje su koyi aikin injinan. Tun da yaran unguwa suka ji, ba su da zance sai na aiki a ƙasashen waje. Shi ya sa ya gayyaci Hannatu, 'yar unguwar da ke aikin jinya a Saudiyya, ta zo ta yi musu bayanin hanyoyin da ake bi. To ga shi hutunta ya ƙare, ta koma jiya.

Jatau ya miƙe tsaye a hankali, ya gyara rawani.

"Ustaz, kana neman ruwa a nesa alhali kana zaune a bakin rijiya? Tara min su."

Ustaz Ɗanlami baƙo ne a unguwar, bai daɗe da zuwa ba. Ya dubi Nagoggo, Nagoggo ya dubi sama. Ya dubi Dije, ta sunkuya tana fifita gawayi. Haka aka tara wa Jatau ɗalibai a filin kulob ɗin unguwa, maza gefe, mata gefe.

Wadda ta fara ɗaga hannu Ummusalama ce, 'yar yayan Jatau. Yarinya ce mai ƙoƙari, ita ke zuwa ta ɗaya a lissafi, kuma tun tana ƙarama in tarakta ta wuce sai ta bi ta da kallo har ta ɓace.

"Baffa, wanda ke son aiki a waje, wane fanni ya kamata ya karanta? Likitanci, ko injiniyanci, ko harsuna?"

Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Karatu? Yarinya, ni da na zaga duniya ba wanda ya taɓa tambayata na karanta ko ban karanta ba. Aikin waje iri-iri ne. Akwai na sama, akwai na ruwa, akwai na baki. Na sama shi ne tuƙin jirgi. Na ruwa shi ne aikin teku. Na baki shi ne tafinta. Duk na yi su. Kuma ba a allo ake koyonsu ba, a jiki ake ji. Daga gobe na buɗe makaranta a gidana. Wanda ya fito daga hannuna, kamfani ne zai durƙusa yana roƙonsa."

Ustaz ya buɗe baki zai yi magana, tafin yara ya danne shi. Wanda ya fi kowa tafi kuwa Cindo ne, ɗan Nagoggo na cikinsa.

Washegari da la'asar aka fara da aikin sama. Jatau ya jira matarsa Jummare ta shiga maƙwabta, ya fito da gadonta na igiya tsakar gida. Ya ɗaure ƙafafun gadon, ya wurga igiyar ta kan reshen darbejiya, ya ɗaura ɗaya bakin a jikin jakin mai sayar da ruwa da ya aro.

"Wannan shi ne jirgi," ya ce. "Jakin nan shi ne inji. Wa zai fara hawa?"

Ba wanda ya motsa.

"Matsorata. A Turkiyya jarirai ke hawa. Cindo, riƙe injin. In na ce tashi, ka ja shi gaba kaɗan."

Ya haye gadon ya harɗe, ya kifa murfin tukunya a cinya ya riƙe kamar sitiyari. Ya ce, "Tashi!"

Cindo ya ja jaki. Gado ya ɗaga, yana lilo. Yara suka sa sowa. Jatau ya dubi ƙasa ya ɗaga musu hannu.

"Kun gani? Yanzu muna kan Bahar Maliya. Ga Jidda can hagu."

"Baffa, banɗaki ne a hagu," in ji Ummusalama.

"Daga sama komai ƙanƙancewa yake."

Daidai nan wata jaka ta yi kuka a bayan katanga. Injin jirgi ya miƙe kunnuwa, ya fizge daga hannun Cindo, ya yi waje. Gado ya yi sama kamar an harba shi, kan Jatau ya daki reshen da rina suka yi gida. Abin da ya biyo baya mutanen unguwa sun ji shi har masallaci. Jatau yana ihu yana kaɗa murfin tukunya, rina suna shiga rawani suna fita, jaki yana ja, reshe yana ƙara. Can igiya ta tsinke. Jirgi ya sauka da direbansa a cikin babban kwanon ƙullun kisra da Jummare ta ajiye ya kwana biyu yana tsami.

Jummare ta shigo ta tarar da gadonta ƙafa uku, mijinta zaune cikin ƙullu, leɓensa ya kumbura ya kai haɓa.

"Malam, me zan gani haka?"

"Saukar gaggawa," in ji Jatau da ƙyar. "Da gangan na nuna musu. Ba kowane direba ya iya ta ba."

"To direba, yau sai ka nuna musu yadda ake kwana da yunwa a ƙasa."

Da kumburi ya saɓe aka koma aikin ruwa. A bayan unguwa akwai hafir, tafkin da aka haƙa don tara ruwan damina, inda makiyaya ke shayar da dabbobi. Nan Jatau ya kai ɗalibansa, waɗanda suka ƙaru sosai, don labarin jirgi ya bazu, har manya sun biyo baya. Ya sa aka mirgino rabin duro. Gindin duron yana da huda, ya toshe ta da sabulu.

"Baffa, sabulu yana narkewa a ruwa," in ji Ummusalama.

"A ruwan daɗi. Wannan teku ce."

Ya shiga duro da shebur a hannu, aka tura shi. Ya tuƙa ta dama, duro ya juya. Ya tuƙa ta hagu, duro ya juya ta ɗaya gefen. Haka ya yi ta wulwulawa a wuri ɗaya, duk lokacin da fuskarsa ta zagayo wajen jama'a sai ya jefo musu darasi.

"Matuƙin teku... ba ya tsoron... igiyar ruwa..."

Nagoggo, da ya rufe sikelinsa musamman don ya zo kallo, ya ɗaga murya ya ce, "Ya zol, jirgin naka kumfa yake yi!"

Gaskiya ne. Kumfa ta taso ta gefen duro, sannan ta cikin jallabiyar Jatau. Kafin ya sake zagayowa duro ya nutse da shi. Ruwan ko ƙugu bai kai ba, amma Jatau ya dinga kalmar shahada yana kiran a kawo jirgin ceto. Da ya gane ƙafarsa na taɓa ƙasa, sai ya yi yunƙurin fitowa, baƙin taɓon Gadarif ya ce bai san zancen ba. Ya riƙe shi gam har gwiwa. Sai da wani makiyayi ya wurga masa igiya ya ɗaura a raƙumi. Raƙumi ya ja, Jatau ya fito yana jan ciki, wandonsa ya zauna a teku.

Ya miƙe yana jan jallabiya ƙasa, ya dubi ɗalibai.

"Wa ya lura da kuskuren da na yi da gangan?"

"Shiga ruwan," in ji Dije daga bayan taro.

Saura aikin baki. A nan Jatau ya fi sakin jiki, don ba reshe, ba taɓo. Ya zaunar da yara a ƙofar gida ya koya musu Turkanci da Indiyanci, kalmomin da shi ma a lokacin yake fara jinsu. Amma da aka zo Habashanci, yana da jimla guda ta gaske.

"Wannan gaisuwar manya ce," ya ce. "Ranar da na shiga Habasha, duk inda na bi cikin kasuwa da ita ake tarbata, har ana ɗaga hannu. Ku ce, ante ahiya, hid!"

Yara suka amsa baki ɗaya.

Ban da Ummusalama. Ta tattara littattafanta ta koma wajen Ustaz Ɗanlami, wanda ke koyar da Turanci da yamma ga 'yan kaɗan da suka rage masa.

Cindo kuwa ya riƙe gaisuwar da kyau. Ranar Juma'a ya je aski wajen wani Bahabashe da ke da shago a bakin kasuwa. An aske masa rabin kai, ya ga aikin na kyau, ya ce bari ya girmama mutumin da harshensu. Ya dube shi ta madubi, ya yi murmushi, ya ce, "Ante ahiya, hid!"

Mai aski ya kashe inji. Ya cire ƙyallen da ke wuyan Cindo, ya kama kunnensa, ya kai shi har titi.

Da magariba Nagoggo ya iso ƙofar Jatau, yana jan Cindo da rabin kai fes, rabi gashi.

"Fito, tafintan duniya! Ka san abin da ka koya wa ɗana? Na tambayi Habashawan kasuwa. Cewa ya yi da mutumin, kai jaki, tafi can!"

Jatau ya leƙo ta kan katanga, bai buɗe ƙofa ba.

"Ya danganta da yadda aka ja muryar. Yaronka ne bai ja ba."

"Su da suka yi ta faɗa maka a kasuwa, sun ja?"

"Sosai ma."

"To wallahi sun san wanda suke gaisarwa."

Bayan wannan makaranta ta watse, amma Jatau bai watse ba. Ya ce duk abin da ya faru share fage ne, ranar da baƙon kamfani ya zo za a san wane ne wane.

Ranar ta zo. Dawa ta bushe, gonar Alhaji Ɗan'auta ta miƙe iyakar ganin ido. An kafa babbar rumfa a bakin gona, an jera kujeru, an kawo lasifika. Lori ya kwaso ɗalibai da iyayensu daga unguwa, 'yan ƙwadago suka tsaya a baya da laujensu, suna kallon abin da aka ce zai yi aikinsu. Injin kuwa ga shi nan kamar gida, kore shar, da dogon bututu a gefe. Baƙon kamfani Ba'indiye ne, mai gashin baki, ana ce masa Injiniya Sunil. Ya riga ya zaga da injin sau ɗaya ya cika cikinsa da dawa, ya kawo shi gaban rumfa, ya bar shi yana ruri a hankali, ya sauko don ya yi bayani.

Ustaz Ɗanlami ne zai yi tafinta, amma mura ta shaƙe masa murya, ko na kusa da shi ba ya jin abin da yake faɗa. Alhaji ya waiga yana neman wani. Ummusalama ta ɗaga hannu, Ustaz yana nuna ta da yatsa. Kafin Alhaji ya gan ta, Jatau ya riga ya damƙe lasifika.

"Alhaji, manya na nan za a sa yara? Mutumin Indiya ne fa. Gida ne."

Injiniya ya fara magana da Turanci. Ya yi ta yi, yana nuna haƙoran injin, yana nuna bututu, yana nuna gona. Da ya tsaya ya dubi Jatau.

Jatau ya yi gyaran murya. "Ya ce sannunku."

Injiniya ya ɗan juyo ya dube shi da sauri, kamar wanda aka kira sunansa a baƙon gari. Ya ƙara wata 'yar gajeruwar magana.

"Ya ce ya gane ni," in ji Jatau. "Ya ce tun da ya sauko daga mota gabansa ke faɗuwa, don bai zaci zai ga maigidansa a nan ba. Ya ce shekarun da na yi a garinsu ba za su manta ba, har yanzu akwai titi da sunana."

Ummusalama ta matso ta ce a hankali, "Baffa, cewa ya yi injin yana yanka, yana sussuka, yana sheƙewa a tafiya ɗaya."

"Yi shiru. Wannan Turancin Indiya ne, ba irin na makarantarku ba."

Injiniya ya ci gaba, wannan karon yana kallon ɗalibai, maza da mata. Jatau ya saurara yana gyaɗa kai kamar mai auna magana.

"Ya ce batun yaran da za a kai waje, kamfani ba ya son masu yawan karatu. Ya ce ba za a ɗauki kowa ba sai wanda ya fito daga makarantar Jatau, ya iya na sama, ya iya na ruwa, ya iya na baki."

Nan take rumfa ta ɗauki guna-guni. Wata mata ta miƙe ta kama hannun ɗanta.

"In irin aikin Jatau ake yi a waje, nawa ɗan ya zauna ya yi yankan riɗi. Gara ya dawo min da wandonsa."

Wasu iyayen ma suka fara miƙewa. Mahaifin Ummusalama ya yafito ta da hannu, alamar ta taho su tafi. Ta tsaya a inda take, idonta ya ciko. Ustaz Ɗanlami yana ta ɗaga hannuwa yana buɗe baki, ba abin da ke fitowa sai iska.

Jatau bai lura ba. Daɗin lasifika ya ɗebe shi. Ya dafa kafaɗar baƙo.

"Kada gashin bakin nan ya ruɗe ku. Lokacin da aka kawo min shi, ko riƙon sifana bai iya ba. Kansa da tauri, ga ci kamar gara. Na sha dukansa kafin ya zama mutum."

Injiniya ya zaro hankici ya toshe baki, kafaɗunsa suna rawa.

"Kun gani? Kuka yake. Ya tuna alheri."

Nagoggo ya hau kan kujera. "To ya zol, tunda kai ne malaminsa, ga inji nan. Hau ka nuna mana!"

'Yan ƙwadago suka ɗauka. "Hau! Hau! Jatau, hau!"

Jatau ya dubi injin sama da ƙasa. A ransa ya ce zai hau ne kawai ya zauna, ya ɗaga hannu, ya ce man bai da kyau, ya sauko. Ya rataya lasifika a wuya, ya kama tsani. Injiniya yana can yana share hawayen dariya, bai ankara ba sai da ya hango rawani a ɗakin direba.

Jatau ya zauna, ya ga sanduna da maɓallai ko'ina. Ya miƙe don ya ɗaga wa jama'a hannu, jelar rawaninsa ta sarƙe a wani sanda. Ya fizga. Dogon bututun ya juyo a hankali, ya tsaya daidai kan motar Alhaji da aka bari a buɗe saboda zafi, ya fara amayar da dawa. Jatau ya ruɗe, ya danna wani abu don ya tsayar. Inji ya yi gurnani, ya zabura gaba.

Rumfa ta tarwatse. Alhaji Ɗan'auta, wanda aka san shi da tafiyar ƙasaita, ya tsallake kujeru biyu a tashi ɗaya. Inji ya shiga rumfar ya fita ta baya, ya tafi da tamfol a kansa kamar mayafi, kujerun roba suna shiga ta gaba suna fita ta baya gutsi-gutsi. Ya nufi kwarin da ke ƙarshen gona. Daga cikin tamfol lasifika na ta watsa muryar Jatau.

"Wayyo Allah! Ina birki? Jama'a, ina birkin abin nan? Jummare, ki yafe min gadonki!"

Injiniya Sunil ya yar da hankici ya bi inji da gudu. Da ya kai gefensa ya ɗaga kai ya ƙwala ihu da Hausa tsantsa, irin ta cikin birnin Kano.

"Baba! Baba Jatau! Ja jan sandan nan baya! Baya na ce, ba gaba ba!"

Masu gudu suka tsaya cak. Nagoggo ya saki baki. Har Alhaji ya waigo.

Jatau kuwa, ko a wannan hali bai saki aikinsa ba. Ya leƙo ta ƙarƙashin tamfol ya yi magana a lasifika.

"Jama'a, cewa yake in ƙara wuta!"

"Ba haka na ce ba! Don girman Allah murɗa makullin, kashe shi!"

"Ya ce ina ƙoƙari!"

"Baba, za ka kashe kanka! Ga kwari nan!"

"Ya ce... wane kwari?"

Injiniya ya yi tsalle ya kama tsani, ya kutsa ciki, ya miƙa hannu ta kan cinyar Jatau ya murɗe makulli. Inji ya yi tari, ya tsaya, haƙoransa na leƙa cikin kwarin.

Sai Dije ta fara dariya, daga nan gona ta ɗauka gaba ɗaya. 'Yan ƙwadago suna faɗuwa cikin karan dawa, mata suna riƙe juna.

Da aka dawo inda rumfa take a da, Injiniya ya karɓi lasifika yana haki. Ya yi sallama da Hausa, aka amsa masa da sowa. Ya ce a Kano aka haife shi, mahaifinsa yana aiki a masaƙa, a Fagge ya yi ƙwallo har ya girma. An gaya masa Larabci ake yi a Sudan, bai san zai tarar da 'yan uwansa a nan ba sai da Baba ya buɗe baki.

"Na so in yi magana tun farko," ya ce, "amma da na ji ina da maigida mai titi a garinmu, sai na ce bari in ji sauran tarihina. Laifina ne, ku yafe ni."

Sannan ya maimaita abin da ya faɗa tun da fari. Kamfani na neman ɗalibai masu ƙoƙari a lissafi da Turanci, mace ko namiji. Za a yi jarrabawa a makaranta. Wanda ya ci zai je ya koyi gyaran injina, ya dawo ya yi aiki a nan ko a wata ƙasar da kamfanin ke da reshe. Ya ce shi kansa da hakan ya fara, yau ga shi yana zaga ƙasashe.

Iyayen da suka miƙe suka koma suka zauna a kan abin da ya rage na kujeru. Ummusalama ta dubi mahaifinta, ya gyaɗa mata kai. Ta tako gaba, ta yi tambaya da Turanci, doguwa, tana nuna haƙoran injin. Injiniya ya amsa mata, ta ƙara wata. Ya juya wajen mahaifinta.

"Baba, tambaya take yadda za a hana injin zubar da riɗi, tunda kwansonsa da an taɓa yake fashewa. Mu ma abin da ke hana mu barci ke nan. Don Allah kada ranar jarrabawa a aike ta ko'ina."

Ta kuwa je, ta ci, ita da wasu yara biyu. Cindo ma ya zauna jarrabawar da hula har kunne, bai ci ba, amma Injiniya ya ɗauke shi yaron inji a nan Gadarif. Wannan duk daga baya ne.

A ranar dai, hukuncin da Alhaji ya yanke shi ne Jatau ba zai bar gona ba sai ya kwashe dawar da ke cikin motar tas. Aka ba shi ƙwarya da buhu. Jama'a suka kewaye motar suna kallo, shi kuma yana durƙushe a kujerar baya, dawa har ƙugu, ƙaiƙayi ya cika masa wuya. Jummare ta tsaya riƙe da bakin buhu.

"Malam, yau kam ai sai ka huta da baki," ta ce.

Nagoggo ya leƙo ta taga. "Ya zol, na sama ya ƙi, na ruwa ya ƙi, na baki ya ƙi. Saura me?"

Jatau ya ɗago, ya tofar da ƙwayar dawa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya da tausayi.

"Ku dai ba ku da ido. Mutumin nan da ya zo da safe, wa ya ji ya yi kalmar Hausa ko ɗaya?"

Ya ɗaga yatsa sama.

"To daga rumfa zuwa bakin kwari na koya masa ita, har da karin Kananci. Ku nemo min malamin da ya taɓa yin haka."